Tsinke Huɗu a Baranda

Shekara talatin da ɗaya Mai Mita ya yi yana karanta mitar ruwa a gidajen mutane, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka bai taɓa rubuta lambar da idonsa bai gani ba. Abokan aikinsa sukan sami inuwa su zauna, su cika takardun unguwa guda da ƙiyasi, su miƙe su karkaɗe wando. Shi kuwa sai ya durƙusa, ya ɗaga murfin ƙarfe, ya share laka da babban yatsa, ya karanta, ya sake karantawa. Karnuka uku ne suka cije shi a bakin aiki, har yau kuma yana iya faɗa maka lambar mitar gidan kowannensu. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango. Agogon ya tsaya a wata na huɗu, ya sauke shi ya rubuta ranar a bayansa, ya mayar ya rataye.

Irin wannan mutum bai kamata a bar shi babu abin aunawa ba. Shekara biyu ya yi yana auna abin da babu wanda ya sa shi: ruwan sama a gwangwani, tsayin ciyawar bakin kwata, yawan mintin da matarsa ke yi tana gaisawa da maƙwabta. Matar tasa, wadda duk gidan benen ke kira Malama saboda ta koyar da 'yan aji uku har ta yi furfura, takan ce masa in ya gama ya zo ya auna haƙurinta, shi ne ya kusa ƙarewa.

Sai wata safiya Malama ta faɗi a ƙofar kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakinta dai Allah ya bar mata shi, ta kuwa ci gaba da amfani da shi yadda ta saba. Amma ƙafa ta tafi. Sashensu yana hawan ƙasa, can baya, tagar ɗakinta tana kallon bangon wani sito da aka lulluɓe da kwano tun daga ƙasa har sama. An sayi keken marasa lafiya, ya ƙi shan kwanar lungun da ke fita waje, kuma bayan kwanar ma akwai matakala huɗu kafin a hau barandar gidan, wadda ke kallon titi. Keken ya koma wurin ajiye wanki.

Autarsu ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙasa mai nisa. Ba ta sami hutun zuwa ba, sai ta aiko da tabulet, wayar nan mai faɗin tiren shayi, da sim a ciki, ta ce za ta riƙa kiran bidiyo ranar Talata da Alhamis da Asabar, ƙarfe biyar na yamma, lokacin da take samun hutun minti goma. Ranar farko Mai Mita ya jingina tabulet ɗin da filo a gaban Malama, ya zauna a gefen gado ya harɗe hannu. Biyar ta yi, ta gota. Gilashin bai nuna musu komai ba sai fuskokinsu biyu.

Mai Ɗinki, maƙwabciyarsu ta sashen gaba, ita ta leƙo ta warware musu.

"Baba, ai babu sabis a ɗakin nan. Ka ga 'yan tsinkayen can na kusurwar sama? In sun cika huɗu, sabis ya yi. Naka ko ɗaya babu."

Mai Mita ya ɗauki tabulet ɗin ya fita da shi, idonsa a kusurwar. A falo babu. A kwanar lungu tsinke ɗaya ya fito ya koma. A matakala ta biyu, biyu. Yana taka baranda suka cika huɗu cif, kiran Auta ya faɗo masa a hannu har ya kusa yar da abin. Ba zai taɓa faɗa wa kowa ba, amma wani ɗan daɗi ya ratsa shi a wannan lokacin, irin wanda bai ji ba tun da ya ajiye aiki. An ba shi mita.

Daɗin bai daɗe ba, domin in Malama za ta ga 'yarta, sai an kai ta baranda. Akwai Direba a hawa na biyu, ƙaton mutum mai tuƙa bas ɗin asuba, wanda yake gida kullum da yamma. Akan ɗora ta a kujerar katako mai hannu, shi ya kama ta baya, Mai Mita ya kama ƙafafun gaba. Taku goma sha tara ne daga gado zuwa ƙasan matakala, Mai Mita ya ƙirga. A kwanar sai an karkata kujerar, kafaɗar da ta shanye ta dannu, Malama ta rufe ido ta cije leɓe. Wata Alhamis hannunsa ya zame a matakala ta uku, ba don gwiwar Direba ba da ta sha ƙasa. Ranar ya kasa cin abinci. Ya sha alwashin sai sabis ya shigo ɗakin nan ya same ta a kan gadonta, ko da zai ƙarar da sauran kwanakinsa a kan haka. Macen da ta tsaya shekara talatin a gaban allo, ba zai bari a riƙa jidonta kamar buhu ba.

Ita Malama ba ta ce komai a kan alwashin ba. Ranar kira dai tun ƙarfe uku take fara tayar da hankalin gida: a ba ta ɗankwali mai ruwan goro, a'a, wancan mai zanen ganye, a goge mata tabarau, a shafa mata mai a hannun da ba ya motsi. Kiran minti goma ne. Auta ta yi tambayar magani, ta ɗago ɗanta ya manna hanci a gilashi, Malama ta ce masa, "Angon nawa, har yanzu ba ka aiko mini da ko zobe ba," a yi dariya, a kashe. Daga nan sai ta ce a bar ta ta huta tukuna kafin a sake wahalar komawa. Hutun yakan kai faɗuwar rana. Mai Ɗinki ta fito da maɓallan da take ɗinkewa da hannu ta zauna kusa da ita. Wanzamin tsallaken titi, wanda ta koya wa haɗa baƙi, ya ƙetaro ya rusuna. Mai gyaran babur ya ɗago hannu, ta ce masa allon shagonsa har yanzu da kuskuren rubutu. Mai Mita yana gefe yana kallon agogon hannu, yana tausaya mata: dubi yadda ciwo ya sa baiwar Allah ba ta ma son a taɓa kujerar.

Ya sayi littafi mai bango mai kauri, ya ja layuka da rula: rana, lokaci, wuri, tsinke, dalili. Safe da rana da yamma yake zagaye. Kan gado, babu. Bakin taga, babu. Kan kabad, in ya hau kujera ya miƙa hannu, rabin tsinke mai zuwa yana tafiya, sai ya rubuta "ɗaya, maras gaskiya". Da ya ga mita ɗaya ba ta isa shaida ba, ya fara aro. Ya aro tabulet ɗin Mai Ɗinki da take nuna wa masu kawo ɗinki salo, ya aro wayar Direba, ya aro ta wanzami, ya jera su a kan zanen gadon Malama kamar kayan gwanjo, ita tana tsakiya.

"Malam, ni ma za ka rubuta tsinkena ne?"

"Kar ki motsa, kina tare taga."

Ya gano abubuwa, kuma gaskiya ne, ba a raina masa. Ya gano waya takan fi tabulet da tsinke ɗaya a ko'ina, ko da layinsu ɗaya. Ya gano tabulet ɗin Mai Ɗinki ya fi na Auta kamawa a kwanar lungu, amma a matakala kunnen doki suke yi. Ya cire sim ɗin wannan ya sa a wancan, ya tabbatar ba laifin sim ba ne. Ya gano in ka riƙe tabulet a kwance tafin hannunka ya rufe gefen sama, ka cinye tsinke guda da kanka. Ya gano in an buɗe babbar ƙofar sito da safe, bakin tagar Malama yakan sami ɗaya na minti shida. A layin dalili yakan rubuta abin da ya tabbatar kawai: "bangon kwano", "hadari", "hannuna". In bai tabbatar ba ya ci gaba da bincike har ya tabbatar, don a wurinsa barin layin dalili fanko rashin kunya ne.

Littafin ya koma rataye a ƙusa a bakin lungu, ya zama hukuma a gidan. Mai son kiran da ba zai yanke ba sai ya duba ya ga inda zai tsaya. In gardama ta tashi tsakanin 'yan hawa na uku kan layin wa ya fi, Direba yakan kashe ta da kalma uku: "Littafi ya ce." Babu wanda ya taɓa ja da littafi.

Sai kamfanin layin. A cikin tabulet ɗin akwai manhajarsu, a cikinta kuma akwai wurin shigar da koke. Mai Mita yakan tsara kokensa a takarda tukuna, da gaisuwa da komai, sannan ya fita baranda, ya tsaya daidai gefen ginshiƙi na biyu inda littafi ya nuna sabis ya fi ƙarfi a duk gidan, ya buga shi da yatsa ɗaya, ya danna, ya tsaya har ya ga alamar an karɓa. Wannan ƙa'idarsa ce tun yana aiki: ba ya barin takarda a inda babu mai sa hannu.

Amsa takan zo kafin ya koma ciki. Rubutunta ƙanana ne, don haka Malama ke karanta masa, da muryar da take karanta sakamakon jarrabawa.

"Mun gode da tuntuɓarmu. Mun auna sabis a inda kake, mun same shi da ƙarfi ƙwarai. Muna fatan za ka ci gaba da jin daɗinsa."

"Da ƙarfi ƙwarai?"

"Haka suka ce. Ƙwarai ɗin ma da babban baƙi."

Ya sake aikawa, da kwafin awon mako guda. Amsar ba ta canza ko ɗigo ba. Ya aika na goma, ya aika na ashirin da biyar, gaisuwar tana raguwa. A na talatin ya cire "Allah ya ƙara girma". Abin da ke ci masa rai ba rashin gyaran ba ne kaɗai. Sau talatin ke nan wani da bai taɓa durƙusawa a laka ba yana ce masa, cikin ladabi, ƙarya kake yi. Shi! Malama takan gama karantawa ta ɗan daɗe tana kallon ƙasan shafin, sannan ta miƙa masa ta ce, "Sai haƙuri, Malam. Gobe Alhamis, ka tuna wa Direba."

Bayan koke na arba'in da ɗaya ya sa rigar da ya karɓi agogo da ita, ya ɗauki tabulet da littafi ya tafi ofishin kamfanin. Ya ja lamba, ya jira, aka kira shi. Mutumin da ke bayan kanta ya karɓi tabulet ɗin, ya duba kusurwa, ya juyo masa da shi.

"Baba, ga shi nan huɗu."

"A nan, ɗana. Ni ba a nan matata take kwance ba."

"To ai mu abin da muka gani shi za mu rubuta."

Wannan magana ta daki Mai Mita a inda bai zata ba, domin tasa ce, shekara talatin da ɗaya yana faɗa wa masu gida ita. Ya buɗe littafin a kan kanta ya fara karanto awo da ƙarfi, tun daga shafin farko, da niyyar sai ya kai na ƙarshe ko a kira masu gadi. Yana shafi na huɗu wata mata mai rigar aiki da jakar kayan gyara, wadda ta zo wucewa, ta tsaya a bayansa tana leƙe. Injiniyar kamfanin ce. Ta ce ya ara mata, ta yi ta buɗawa, ta kai wurin "ɗaya, maras gaskiya" ta yi murmushi.

"Baba, wa ya yi maka wannan?"

"Ni na yi. Akwai kuskure ne?"

"Ina ma ma'aikatana suna rabin haka. Gobe da safe ina nan zuwa."

Ta zo kuwa. Ta gaida Malama har ƙasa, ta zagaya da nata abin awon, duk inda ta tsaya sai ta duba littafi ta gyaɗa kai. Mai Mita yana biye da ita, ƙirjinsa kamar zai fasa riga. Da suka fito baranda ta buɗe kwamfutarta, ta nemo kokensa duka arba'in da ɗaya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, a ina kake tsayawa in za ka aika?"

Ya taka ya tsaya gefen ginshiƙi na biyu, ya nuna ƙasa da alfahari. Har siminti ya ɗan yi santsi a wurin.

"To ai shi ke nan. Manhajar tana auna sabis ne a daidai inda mutum ya danna. Sau arba'in da ɗaya kana aiko mana da awon wurin da ya fi ko'ina kyau a unguwar nan."

"To ta yaya zan aika daga inda ba ya tafiya?"

"Ka danna kawai a ɗakin. Zai riƙe awon wurin ya jira, in ka fito ya tafi da kansa. An rubuta a ƙasan shafin, sai dai rubutun ƙanana ne, wannan kam laifinmu ne."

Mai Mita ya zauna a kan matakala. Ashe kamfanin bai taɓa ƙaryata shi ba. Shi ne ya yi wata bakwai yana kai ƙarar ɗaki da shaidar baranda. Ya shiga ciki, ya tsaya a kan Malama, ya danna koke na arba'in da biyu, yau ɗaya ya saki takarda babu mai sa hannu. Yana kaiwa matakala ta biyu saƙon ya tafi. A kwamfutar Injiniya wani jan ɗigo ya fito, alamar babu sabis, na farko.

Cikin mako aka kafa ƙaramar eriya a rufin bene, aka ja waya ta bi bango ta shigo, aka ɗora wani ɗan farin akwati a kan kabad ɗin Malama, aka sa fulogi a soket ɗin da ke bayansa. Mai Mita ya ɗora tabulet a kan filo. Huɗu. Ya kai bakin taga, huɗu. Ya durƙusa ya tura shi ƙarƙashin gado, uku. Ya rubuta da jan biro, ya ja layi biyu a ƙasa, ya hau har hawa na biyu ya yi wa Direba godiya, ya ce masa daga yau ya huta. Direba ya ce ai ba komai, ya tsaya yana sosa ƙeya kamar wanda aka sallama daga aiki.

Talata ta zo, Auta ta fito tar a kan gado, har ana ganin zanen labulen bayanta. Minti goma suka cika, aka kashe. Ɗakin ya koma yadda yake, da bangon sito a taga. Alhamis ma haka. Mai Ɗinki ta leƙo sau biyu a makon farko, amma ɗakin babu hasken zura zare, ta ce za ta dawo. Wanzami ya aiko da gaisuwa ta bakin wani. Babu wanda ya yi laifi: da can hanya ce take biyo da su ta gaban Malama, yanzu kuwa sai mutum ya yi niyya, ya yi sallama, ya cire takalmi.

A mako na uku Mai Mita ya lura ƙarfe uku tana yi ba a neman ɗankwali. A na huɗu Auta ta ce, "Mama, kin rame," Malama ta ce hasken ɗakin ne. Abincinta ya fara dawowa rabi. Ta daina gyara masa magana, har ya yi kuskure da gangan wata rana, ta bar shi ya wuce. Ya duba magungunanta, daidai suke. Ya duba tsinke, huɗu. Duk abin da ya iya aunawa lafiya lau yake, wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Wata Asabar bayan an kashe kira ya zauna a gefen gado, tabulet a cinyarsa, yana ta jujjuya shi. Sai ya buɗe tsohuwar amsar kamfani, ya kai tabarau kusa, ya ga 'yan ƙananan baƙaƙen nan a ƙasan shafi. Ya daɗe yana kallonsu. Matar da take hango kuskuren allon shago daga tsallaken titi ce ta karanta masa shafin nan sau arba'in da ɗaya.

"Malama, kin ga wannan rubutun?"

"Tun koke na uku."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ba ka tambaye ni ba. Tsinke kake ƙirgawa."

Ta juyar da kai wajen taga.

"Taku goma sha tara da matakala huɗu, ko ba haka ka rubuta ba? To su kaɗai ne tafiyar da ta rage mini a duniya, Malam. Kafaɗar tana ciwo, ba na musu. Amma a can ni Malama ce. A nan kuwa mara lafiya ce ni."

"To ai sai ki ce a fitar da ke! Yanzu zan kira Direba."

"Kar ka soma." Muryar aji uku ta dawo, karo na farko cikin wata guda. "Da can dole ce, uwa za ta ga 'yarta, kowa ya san haka, babu wanda ya yi mini alfarma. Yanzu in ce me? Bawan Allah ya tashi tun asuba ya yi tuƙi, ya sauko ya ɗauki ƙatuwar tsohuwa don tana marmarin kallon babura? Ban taɓa roƙo ba ina da ƙafa, ba zan fara ba don na rasa ta. Ka yi ƙoƙari, ka gyara. Allah ya saka. Bar shi haka."

Ya san ta shekara arba'in, ya san in ta ce kar ka soma, an rufe rajista. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, da wani haushin kansa da bai san inda zai ajiye ba. Wata bakwai yana auna ɗakin nan kusurwa-kusurwa, abu ɗaya ne bai duba ba, shi ne kuma yake kwance a tsakiyar gadon.

Lahadi da Litinin bai yi zagayen awo ba. Ranar Talata da ƙarfe uku saura, Malama tana gyangyaɗi, ya shigo a hankali, ya zura hannu bayan kabad ya zare fulogin. Ɗan koren hasken akwatin ya mutu. Ya tsaya yana kallon kusurwar tabulet: huɗu, uku, ɗaya, babu. Ya ɗauko littafi ya rubuta rana, ya rubuta lokaci, ya rubuta "kan gado", ya rubuta "babu". Duk wannan gaskiya ne, idonsa ya gani. Sai biro ya iso layin dalili ya tsaya.

Ya daɗe a tsaye. Ya tuna karnukan nan uku, ya tuna abokan aikinsa a inuwa da irin kallon da yake musu. Sannan ya rubuta, da rubutunsa mai kyau: "Ba a sani ba."

"Malama, tashi. Sabis ya ɗauke."

Ta buɗe ido ta dube shi, ta dubi kan kabad, ta sake dubansa. Bai iya haɗa ido da ita ba, sai ya miƙa mata littafin kamar mai ba da takardar shaida. Ta karanta layin har ƙarshe. Leɓenta na dama ya ɗan motsa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Kayan zamani ba su da tabbas. To tsayuwar me kake yi? Miƙo mini mai zanen ganyen."

Mai Mita ya mayar da littafin ƙusa, ya ƙwala wa Direba kira, Direba ya sauko da gudu har yana tsallake matakala. Ya duba littafi a ƙusa tukuna, yadda aka saba, sannan ya shigo ya kama bayan kujera. Da ya sunkuya idonsa ya faɗa kan fulogin da ke kwance a ƙasa, gefen kabad. Ya dube shi, ya dubi Mai Mita, wanda gumi ya karyo wa. Sai ya sa babban yatsan ƙafarsa ya tura fulogin can ƙarƙashi.

"Kai, kamfanonin nan," ya ce. "Wata ɗaya kacal fa. Baba, wannan ai sai ka kai ƙara."

"Zan kai," in ji Mai Mita, ya kama ƙafafun gaba. "Yau ɗin nan zan aika musu koke."

A kwana suka karkata kujerar, Malama ta rufe ido ta cije leɓe, tana buɗewa ta ce wa Direba ya yi aski, ya fara kama da mai gadin sito. Suka hau matakala huɗu. Mai Ɗinki ta riga ta fito da maɓallanta, wanzami yana ƙetaro titi da tawul a kafaɗa. Mai Mita ya ajiye ƙafafun kujera, ya miƙe da ƙyar, ya karɓi tabulet ɗin kafin biyar ta yi. Ya taka zuwa gefen ginshiƙi na biyu, inda siminti ya yi santsi, ya tabbatar tsinke huɗu sun cika, sannan ya fara buga koke na arba'in da uku, da gaisuwa da komai.